Yaya Idi da Bokitin da Ba Ya Fashewa

Shekara arba'in ke nan da rasuwar yayana Idi maƙeri, kuma har yau in na ji warin roba tana ƙuna sai in tuna da shi.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba fatake suka fara kawo bokitan roba daga Kano zuwa kasuwar Dakoro. Ga kyau, ga rashin nauyi, mata kamar su yi hauka. Amma rana ta gasa su wata biyu, a dangwarar da ɗaya a bakin rijiya, sai ka ji ƙas! Ya tsage.

Yaya ya lura robar cikin tayar mota ba ta tsagewa, sai dai ba ta tsayawa da kanta. Ya ce to a aurar da su mana. Shi maƙeri ne ɗan maƙeri, a saninsa babu abu biyu da wuta ba ta haɗawa. Ya bar ƙirar hauya, ya koma narka fasassun bokitai da tsohuwar taya a kasko. In abin ya huce sai ya ɓare gida biyu, kamar mai da ruwa.

"Akwai na uku da zai shiga tsakaninsu," in ji shi. Ya zuba ƙaro, ya zuba kakin zuma, har kwalta ya roƙo wajen direbobi. Manoman garinmu Roumbou suka gaji da jiran hauyoyinsu suka koma wani wuri. Na ce, "Yaya, don Allah hayaƙin nan zai kashe ka." Ya ce, "Kai dai zuga mini wuta." Tari ya kama shi, bai sake shi ba sai kabari.

Bara jikata mai karatun kimiyya a Yamai ta ce mini na ukun nan akwai shi, masana'antu sun daɗe da saninsa. Wallahi ban ji daɗi ba, haushi na ji. Ashe ana iyawa, mu ne dai ba a yi dominmu ba.

Da Yaya zai leƙo yau, me zai gani? Leda ta rufe gonaki, awaki suna ci suna mutuwa. Maƙerar ta rushe. A wurinta ɗansa Sani ya kafa rumfa, bokitai yake sayarwa. Na gaya masa abin da jikata ta ce, ya yi dariya.

"Haba Baba," ya ce, "in ba su fashe ba, mu me za mu ci?"