Saƙon rigakafin Ladi

Jiya wata mata daga Rikoto ta same ni a asibitin da na rubuta wa manhajar tuna wa iyaye ranar rigakafi. Ta miƙo mini wayarta.

"Malam, an ce in kawo Ladi allura. Sati uku ke nan da rasuwarta. Ina zan ɗauko ta?"

Na kasa ɗaga kai, don laifina ne. Na goge bayanan yarinyar daga ƙwaƙwalwar manhajar, amma ban soke umarnin da ke jiran ranarta ba. Da ranar ta zo, ya tarar da ragowar sunanta, ya aika.

Na gyara, amma uwar ta riga ta karanta.

Masu rubuta manhaja, kafin ku goge abu, kukan duba wa zai sake kiransa?