Dinh da Ba Ya Cewa Ya Isa

Duk garin Bac Lieu an san Dinh da abu biyu: ƙafarsa ba ta daina rawa, bakinsa kuma bai iya cewa ya ƙoshi ba. A birnin Can Tho yake aiki, yana rubuta manhajar da ke sa ƙananan na'urori su yi magana da juna ta siraran wayoyi biyu.

Bana ya haɗa wa Kawu Sau ma'auni a tafkinsa na jatan lande: in iska ta yi ƙasa a ruwa, ma'aunin ya gaya wa wani ɗan akwatin na'ura, akwatin ya tada fankar da ke dukan ruwa don iska ta shiga. Kwana biyu lafiya lau, sai abu ya riƙa ƙamewa haka kawai. Dinh ya hau babur, ya zo, ya kashe, ya kunna, ya koma. Bai sauke jaka ba waya ta sake ƙara.

"Injiniya," in ji Kawu, "'ya'yan naka, ma'auni da akwati, sun sake yin gaba da juna. Jatan lande sun taso sama suna haki. In suka mutu, kai zan zuba a tafkin."

Dinh ya canja siraran wayoyin, ya canja ma'auni, ya zargi gishiri, ya zargi ƙadangare. Ranar da hadari ya danne gari, ruwan tafkin ya yi lis, Inna Nhan, matar Kawu, ta zaunar da shi cin abinci dole. Ya ci kwano uku. Ta miƙo ludayi, ya miƙa kwano.

"Ɗan nan, cikinka rijiya ne? In ba ka rufe kwano ba, ni ina zan san in tsaya? Hannuna ya ƙage!"

Ƙafar Dinh ta tsaya cak. Ƙa'idar wayoyin ke nan: kowane guntun saƙo akwati ya karɓa sai ya amsa "ƙaro", na ƙarshe kuwa ya yi shiru, alamar ya isa. Shi ko ya sa nasa yana cewa "ƙaro" har a na ƙarshe. Ma'auni, bawan Allah, sai ya riƙe waya yana jiran ya zuba, hanya ta toshe.

Da shinkafa a baki ya ruga bakin tafki, ya gyara layi ɗaya a manhajar. Fanka ta hau dukan ruwa, jatan lande suka nutse abinsu.

Da ya dawo, ya kifa tafin hannu kan kwano. "Inna, ya isa."

"Yau kuma?" Ta ɗora masa guntun kifi a bayan hannu.