Bakin Lindsay Petschel

A duk garin Tallarong, can cikin ƙasar alkama ta arewacin jihar Victoria, babu wanda ya kai Lindsay Petschel son futi, ƙwallon nan tamu mai siffar ƙwai da ake cafewa a sama. Makanikin tarakta ne, gajere mai faɗin kafaɗa, hannuwansa kullum baƙi da man inji. Da ƙuruciya ya buga wa garin kakar wasa guda, gwiwa ta kawo masa cikas, ya koma bakin shinge. Daga nan bai sake barin wurin ba.

Duk Asabar ta lokacin sanyi zai faka a-kori-kurarsa kusa da allon maki, hancinta na taɓa shingen fili, kamar yadda sauran motoci suke jeruwa su kewaye wurin. Zai fito da flas ɗin shayi, ya jingina da ƙofa, ya shiga yanke wa 'yan wasa hukunci ɗaya bayan ɗaya. Murya gare shi, har 'yan wasan ɗaya gefen suna jin sa.

Abin da ya hana shi zama masani kuwa abu guda ne: bai taɓa faɗar magana ta fito daidai ba.

Ranar da aka fara saka Brody Hannaford, wani dogon yaro siriri, Lindsay ya dube shi ya girgiza kai. Da yamma a mashayar otal ya ce da abokinsa Noel Cattanach, mai askin tumaki, "Wannan ko a faranti ka miƙa masa ƙwallo sai ya yar. Ka ga hannuwan nan? Kamar igiyar shanya."

"Yaron yana da tsalle fa," in ji Noel.

"Tsalle ai kangaru ma yana yi, ka taɓa ganin an ba shi riga?"

A kakar nan Brody ya riƙa taka kafaɗun mutane yana sauko da ƙwallo daga sama, kafin shekara ta zagayo wata ƙungiya ta birni ta ɗauke shi. Shi kuwa Kane Doolan, wanda Lindsay ya rantse ƙafar hagunsa ta zinariya ce, tun daga ranar da aka yabe shi ƙwallonsa ta daina sanin hanyar sandunan da ake cin maki a tsakaninsu. Sau biyu ya fasa gilashin motar likitan dabbobi, daga baya ya haƙura ya koma riƙe tutar da ake ɗagawa in an ci.

Mutanen ƙaramin gari ba su da abin yi da ya wuce lura. Sannu a hankali aka gane, kuma ba wanda ya ce uffan. Kocin ƙungiya ya fara biyowa ta garejin Lindsay ranar Alhamis bayan atisaye, ya zauna a kan tsohuwar taya, ya ce, "To Lindsay, wa kake gani zan saka a tsakiya?" Lindsay zai goge hannu da tsumma, ya yi bayani dalla-dalla. Koci ya yi godiya ya tafi, ranar Asabar ya yi akasin haka. In Lindsay ya yi ƙorafi, sai ya ce shugabannin ƙungiya ne suka matsa masa.

Iyaye mata ma suna zuwa, wata da kek, wata da kwalbar jam, su tambaye shi yadda yake ganin ɗansu. In ya ce yaron ba shi da amfani, sai uwar ta fita fuska a sake. Lindsay yakan koma gida ya ce da matarsa Glenys, "Mutanen garin nan suna son gaskiya, komai ɗacinta." Glenys ta ce, "Haka ne," ta ci gaba da fere dankali. In kuma ya yabi yaro uwar ta yi jugum, sai ya ɗauka kunya ce.

Da aka kafa ƙungiyar 'yan mata ya ce ba za ta kai ƙarshen wata ba. Ba a jima ba wasansu ya fi na maza tara motoci. A cikinsu akwai jikarsa Tahlia, 'yar 'yarsa Raelene, yarinya mai shekara goma sha bakwai da ke buga gaba. Lindsay ya je kallo don ya tabbatar da maganarsa, ya dawo bakinsa cike da yabo. Yarinyar ba ta tsoron karo, in ta tashi sama sai ta sauko da abin da ta je nema. Sai dai duk lokacin da ya buɗe baki zai yabe ta, wani abu yakan gifta. A teburin abincin Lahadi zai fara, "Ai wannan yarinya..." sai Raelene ta turo masa kwanon naman rago ta ce, "Baba, ƙara." A bakin fili kuwa Noel ne zai danna hon ba gaira ba dalili.

Haka aka lallaɓa har 'yan matan suka kai wasan ƙarshe. Ana gobe wasan, Tahlia ta shigo garejin da rana, ta tsaya tana juya wani sifana a hannu.

"Kaka, alfarma nake nema."

"Faɗi. In dai shawara ce kin zo inda take."

"Gobe ka ce ban iya ba. Da ƙarfi, yadda kowa zai ji."

Ya fito da kansa daga ƙarƙashin tarakta. "Ke? Ke da kika fi duk..."

"Kaka, don Allah kar ka ƙarasa."

Ita ce ta faɗa masa, don ta ɗauka ya sani. Ta lissafa masa Brody da Kane da sauransu, ta faɗa masa dalilin zuwan koci da dalilin kek. Har 'yan makaranta, in ji ta, in za su shiga jarrabawa sukan so su haɗu da shi a hanya ya ce musu za su faɗi.

Lindsay ya rufe gareji tun rana na sama, ya tafi gida, ya tarar da Glenys a kicin.

"Kin sani?"

"Tun kafin a haifi Raelene," ta ce.

"Shi ne ba ki taɓa faɗa mini ba?"

"Kana jin daɗinka, gari na cin kofi. Wa zan ɓata wa?"

Ya kira Noel a waya. Noel ya yi ta kame-kame, can ya ce, "Haba tsoho, ai kai ma taimako kake yi, ta hanyarka."

Washegari ya faka a inda ya saba, amma bai fito da flas ba. Ya tsaya ya harɗe hannuwa, bakinsa a rufe. Shirun ya dami mutane fiye da ruwan da ake yayyafawa. Har aka tafi hutun rabin lokaci ana leƙo shi, bai ce wa kowa ya iya ko bai iya ba. Wata mata ta kawo masa fai ɗin nama mai zafi, ya ce ya ƙoshi.

Dab da tashi, 'yan Tallarong suna baya da maki uku, Tahlia ta tashi tsakanin 'yan mata biyu ta cafe ƙwallo a gaban sanduna. Jiniyar tashi ta yi kuka, saura bugun da cafewar ta ba ta kawai. In ƙwallon ta ratsa tsakiyar sandunan maki shida ne, kofi ya zo gida. In ta kauce, maki ɗaya, an tashi a banza. Ta ja da baya tana goge ƙwallon a rigarta, sannan ta juyo ta dubi wajen allon maki. Duk filin ya juya tare da ita.

Lindsay bai taɓa faɗar abin da bai yarda da shi ba a kan ɗan wasa, wannan kam ko maƙiyinsa zai shaida. Ya kama shinge da hannu biyu, ya ɗaga murya: "Ba za ta ci ba! Ƙafarta karkatacciya ce, tun tana rarrafe na faɗa!"

Aka ji ajiyar zuciya ta zagaye filin. Wasu har sun ɗora hannu a kan hon. Tahlia ta yi murmushi, ta tako, ta buga. Ƙwallon ta tashi sak, ta yi nisa, sai a ƙarshe ta ɗan karkata ta daki sanda.

Maki ɗaya. Baƙin garin suka hau ihu da hon, na gida suka tsaya cirko-cirko suna kallon Lindsay Petschel, wanda karon farko a rayuwarsa ya faɗi abu ya tabbata.

Tahlia ta yi kukanta a mota, ta share ido, ta ce iska ce ta juya, kuma ba ta riƙe kakanta da komai ba. Shekarar da ta biyo ta tafi birnin Mildura karatun jinya, tana buga wa wata ƙungiya a can. Amma a mashayar otal ba a gama shari'ar ba har yau. Ɓangaren Noel sun ce abin ba a baki yake ba, a zuciya yake: a ransa ya yarda za ta ci, shi ya sa ta zubar, da an bar shi ya yi shiru ma haka za a yi. Wasu suka ce a'a, tsohon ne kawai ya koyi futi a ranar da bai kamata ba. Koci dai ya daina biyowa ta gareji, ya ce mutumin da ba ka san lokacin da zai yi daidai ba, ba a dogara da shi. Kek ma ya ɗauke.

Lindsay ya yi makonni yana fushi da gari, sannan ya koma kujerarsa a otal. Yanzu in baƙo ya shigo aka taɓo zancen wasan nan, yakan bari a gama, ya kurɓi giyarsa, ya ce, "Jikata ce fa, kuma ba ta da ta biyu. Amma ni tun kafin ta buga na faɗa musu."