Iya Ibidun da Akuyar Kiwo

A ƙauyensu na ƙasar Ekiti babu wanda ya san iya shekarun da gajeriyar akuya take yi a duniya, don ba a barin kowace ta gwada. In ta tsallake Kirsimeti, suna zai ci ta, in ta tsallake suna, baƙo zai sauka. Iya Ibidun mai sayar da manja ce kaɗai za ta iya ba da labari, domin ta wajenta ta shekara goma sha huɗu tana nan daram.

Kanisuru sunanta. Baƙa ce mai farin goshi, ba ta kai gwiwar mutum ba, ga ciki kamar tulu. Haƙoranta sun daɗe da zubewa, saboda haka sai Ibidun ta daka mata ɓawon doya a turmi, ta cuɗa da dusa da ruwan ɗumi. Da damina a kan buhu take kwana, a bakin ɗakin uwar gidan. Idan kofatonta ya yi tsawo Ibidun ta matse ta tsakanin ƙafafu ta fere shi da 'yar wuƙa, tana yi tana zaginta. Ranar Lahadi kuwa har coci take raka ta, malamin coci ya kora ya kora har ya haƙura.

"Iya, yaushe za ki sa autarki a makaranta?" in ji matan kasuwa.

"Ranar da naku suka kai ta jin magana."

Sai dai akuyar ba tata ba ce. Fehintola, ƙawarta tun suna 'yan mata, ita ta ba ta kiwo a shekarar da mijin Ibidun ya rasu ya bar mata gida shiru. Ƙa'idar kowa ya san ta: 'ya'ya a raba, wannan na mai kiwo, wancan na mai akuya, uwa kuwa tana nan ta mai ita. Haka suka yi ta rabo har Kanisuru ta daina haihuwa. Daga nan Fehintola ba ta ƙara tayar da zancen ba. In ta zo hira sai ta miƙa wa akuyar ɓawon ayaba ta ce, "Ga mu nan tsofaffi uku, a ga wadda za ta riga."

Fehintola ce ta riga.

Tsohuwa ce mai jikoki, don haka bisa al'adar garin bikin binnewa aka shirya, da anko da makaɗa. Ana gobe za a binne ta, babban ɗanta Akinlabi, wanda ya zo daga Legas, ya yi sallama gidan Ibidun da igiya a hannu. Ya zube ƙasa ya gaishe ta yadda ya kamata, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Iya, dangi sun zauna. Duk dabbar da mahaifiyarmu ta bayar kiwo a dawo da ita, da ita za a ciyar da baƙinta. Kowa ya kawo, saura ke."

"Ga bunsuru can, ga wata mai ciki. Nawa ne, kwashe su duka."

"Ba naki ake nema ba, Iya. Nata."

"Wannan? Ka kwana uku kana dafa ta, kare ma sai ya yi maka Allah ya isa."

"Ba don nama ba ne. Haka ake yi, kin fi ni sani."

Ta fi shi sani kuwa. Ita da kanta ta sha jan akuyar wani mamaci zuwa gidan biki, ko a jikinta. Yaron yana da gaskiya, abin da ya ƙara ƙona mata rai ke nan.

"Akinlabi, na ga kashinka kafin in ga motarka. Uwarka da hannunta ta miƙo mini dabbar nan. In tana so, ta zo da hannunta ta karɓa."

Bai yi musu ba. Ya naɗe igiyarsa a hankali ya ce, "Shi ke nan, Iya. Ai gobe kina wajen biki. Ba sai kin wahala ba, za a zo a ɗauka."

Washegari ta yi wanka, ta sa ankon, ta kafa ɗaurin da ya fi na kowa tsayi. Sai ta jawo kujera ta dasa a bakin ƙofa, Kanisuru tana bayanta. In ta kulle gida ta tafi, sakatar nan ko iska tana buɗe ta. In ta tafi da akuyar, ta kai ta bakin tukunya da ƙafarta.

Matan ƙungiyar masu manja suka biyo mata, don ita ce za ta ja musu rawa a bayan akwatin gawa.

"Ibidun, tashi mana, ke ake jira!"

"Ku je."

"A kan akuya? Akuyar da ko haƙori ba ta da shi? Ƙawarki ce fa! Garin nan zai zage ki har ki mutu."

"Ya zage ni. Dama bakinsa yaushe ya huta?"

Suka tafi suna tafa hannu. Jim kaɗan kiɗan kalangu ya taso daga coci, ya biyo ta bakin layinsu. Ta hango akwatin a kafaɗun samari suna rawa da shi, ta hango wata can daban a wurin da ya kamata ta tsaya. Abin ya soke ta ƙwarai. Shekara sittin suna tare, ga shi ko ƙasa ba za ta zuba mata ba, kuma ta san wannan ba ya gyaruwa.

Ta miƙe. Ba ta matsa daga ƙofar ko taku ɗaya ba, nan ta duƙa ta shiga rawa ita kaɗai, irin ta tsofaffi, hawaye yana sauka a kan sabon anko. Da akwatin ya zo shan kwana ta ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"Je ki, Fehintola! Ba zan raka ki ba. Ina nan ina yi miki kiwo."