Ɗantani Direba da Amanar Sista Talatu

Ranar Talata, 14 ga Satumba, 1982, da misalin ƙarfe uku na yamma, Ɗantani direba ya tsaya a ƙofar fitowar fasinjoji ta filin jirgin saman Kano, riƙe da guntun kwali mai ɗauke da suna. Daga wani ƙaramin asibiti da ke gefen Riruwai aka turo shi. A shekarun nan gwamnati tana ɗauko malamai da ma'aikatan jinya daga ƙasashen waje, kuma asibitin ya daɗe yana roƙon a ba shi ƙwararriyar ungozoma. Akawun asibitin, Malam Datti, shi ya rubuta sunan, ya miƙa masa kwalin, ya ce, "Mace ce, daga ƙasa mai nisa. Amana ce a hannunka, ka ɗauko ta lafiya."

Ɗantani ya yi karatun allo, amma bai taɓa shiga boko ba, don haka kwalin a juye ya riƙe shi. Can sai ga wata gajeruwar mace fara, mai jakunkuna biyu, ta tsaya a gabansa, ta karkata kai har kunnenta ya kusa taɓa kafaɗa, ta karanta, ta fashe da dariya. Ta nuna kanta, ta faɗi wani suna mai tsawo. Ya saurara da kyau, bai kama ko harafi ɗaya ba. Shi an haife shi ran Litinin aka ce masa Ɗantani, ita kuwa ta sauka ran Talata. Ya ce, "To, Talatu, bismilla, ga mota can."

Sunan da ya bi ta ke nan. Kafin wata ya zagayo, daga Riruwai har Doguwa ba wanda ya san ta da wani suna sai Sista Talatu. Ƙasarta kuwa, mutane suka dubi idonta suka yanke cewa 'yar Cana ce. Ta gyara musu sau biyu ko uku, ta gaji ta ƙyale.

Ɗantani a lokacin yana da shekara talatin da takwas. Asalinsa ɗan ɗaya daga cikin ƙauyukan da ruwan Tiga ya shanye ne. Da aka tashe su, 'yan'uwansa suka kama noman rani, shi kuwa ya bi manyan motocin ɗaukar kuza zuwa Riruwai, a can ya koyi tuƙi, har ya samu aikin jan motar asibiti, wata farar fijo mai gadon mara lafiya a baya. Ba ya gudu, ba ya surutu a kan sitiyari, kuma ba ya barin kowa ya taɓa masa inji. Duk fitar da zai yi sai Malam Datti ya rubuta rana da wurin zuwa a littafin mota, shi kuma ya dangwala yatsa. Littafin ya nuna cewa cikin shekara tara shi da Sista Talatu sun yi fita dubu ɗaya da ɗari biyu da 'yan kai, yawancinsu zuwa ƙauyuka da rugage, wajen matan da haihuwa ta zo wa da gardama.

Akwai wani abu da ya zame musu al'ada tun ranar farko. Da suka iso Riruwai daga filin jirgi, ta sauko daga mota, ta dube shi ta ce, "Salamat." Ɗantani ya ji kalmar ta yi masa kama da salama, ya ɗauka addu'ar sauka lafiya ce irin ta mutanensu. Ya shafa fuska ya ce, "Amin." Tun daga nan, duk tafiya, kusa ko nesa, in ya kashe mota sai ta ce salamat, shi kuma ya ce amin. Ta koyi Hausa har tana yi wa mazan da ke hana matansu zuwa awo faɗa da ita, amma wannan kalma ɗaya ba ta taɓa sauya ta ba. Shi ma yakan gaya wa abokansa a tasha cewa matar nan ba Musulma ba ce, amma ba ta taɓa sauka daga mota ba ta yi addu'a ba.

Ranar Litinin, 14 ga Oktoba, 1991, suka shiga Kano karɓo alluran rigakafi. Sun gama lodi ke nan, wajen azahar, gari ya rikice. Hayaƙi ya tashi ta wajen Sabon Gari, 'yan kasuwa suna rufe shaguna, mutane suna gudu ba wanda ke tsayawa ya ba da amsa. Abin da Ɗantani ya tsinta a bakin masu gudu shi ne ana tare motoci ana duba baƙi.

Ya ce, "Sista, ki koma baya ki kwanta a gadon nan."

"Ni lafiyata ƙalau, Ɗantani."

"Na sani. Yau dai ki yi haƙuri ki zama mara lafiya."

Ta kwanta, ya lulluɓe ta da zanen asibiti har kai, ya kunna jiniya. Sau ɗaya aka tsayar da su, wasu samari riƙe da sanduna. Ɗaya ya leƙo ya ce, "Baba, wa ka ɗauko?" Ɗantani ya ce, "Mace ce a kwance. In kana son ka buɗe wa matar mutane zane, bismilla." Saurayin ya ja da baya. Suna wucewa wani ya jefo dutse ya farfasa gilashin baya, amma bai samu kowa ba.

A Kwanar Ɗangora ya tsaya shan mai, mai fetur ya ce masa ana raɗe-raɗin an tare hanya a gaba. Ko gaskiya ne ko ƙarya, Ɗantani bai ga dalilin gwadawa da ran wata ba. Ya karya kan mota ya bi burji zuwa wajen Ɗansoshiya, rugar Buba, wani Bafulatani da ya zauna a nan yana kiwo yana noma. Shekara biyar kafin nan, lokacin da Buba ke kiwo a wajen Riruwai, Sista Talatu ce ta karɓi haihuwar tagwayen matarsa Dije, bayan kowa ya fid da rai.

Ɗantani ya ja shi gefe ya ce, "Ajiya na kawo maka. Ko wa ya zo, kada ka ba shi ita sai ka ga fuskata."

Buba ya ce, "Kai Kaɗo, ko maraƙi ka ba ni ajiya ba mai fita da shi daga garken nan, balle wadda ta karɓi haihuwar tagwayena. Tafi abinka."

Ya koma Riruwai shi kaɗai, ya sauke alluran. Malam Datti ya tambaye shi ina Sista. Ya ce, "Tana lafiya, tana hannu mai kyau." Bai ƙara ko kalma ba, domin a ganinsa maganar da ta shiga kunne biyu ta shiga kasuwa.

Ran Alhamis, 17 ga wata, da hantsi, wata mota da taɓo ya rufe har gilashi ta tsaya a ƙofar asibiti. Wani mutum ya fito, fari, idanunsa sun yi ja don rashin barci, da fayil a hammata. Ya ce sunansa Okampo, daga ofishin jakadancin ƙasar Filifin da ke Legas. Malam Datti ya zaunar da shi a benci, ya sa aka kira Ɗantani, ya zauna tsakani yana fassara.

Mista Okampo ya buɗe fayil. Sunaye sittin da uku ne a takardarsa, na mutanen ƙasarsu da ke aiki a jihar. Kwana biyu yana bin makarantu da asibitoci, ya ga sittin da biyu da idonsa, ya yi wa kowane suna alama. Saura ɗaya. Jiya mai fetur na Kwanar Ɗangora ya ce masa ya ga motar asibiti ta bi hanyar wata ruga, ya je da ɗan sanda, mai rugar ya rantse bai taɓa jin sunan ba. Ya dubi Ɗantani ya ce, "Ina Erlinda Dumalag?"

Ɗantani ya ce, "Ban san ta ba." Kuma iyakar gaskiyarsa ya faɗa.

Malam Datti ya ce, "Haba Ɗantani, Sista Talatu yake nufi. Sunan da ka riƙe a kwali ke nan."

"To ai tamu 'yar Cana ce. Shi kuwa ka ji wata ƙasa ya ambata."

"Ba 'yar Cana ba ce. Ga katin aikinsa nan, na karanta."

"Kai ka karanta, Malam. Ni takarda duk ɗaya ce a wurina, kuma a Kano akwai masu buga kowace iri. Kai ka ce mini amana ce. Ba ka ce in miƙa ta ga duk wanda ya zo da fayil ba."

Aka yi ta ja. Mista Okampo ya ce labarin rikicin ya kai ƙasarsu ta rediyo, mahaifiyar matar tsohuwa ce, kullum tana aikawa a tambaya, kuma gobe Jumma'a dole ya aika da rahoto gida. In bai gan ta ba, zai rubuta cewa ta ɓace, kuma kowa ya san yadda uwa za ta fassara wannan. Maganar ta taɓa Ɗantani, amma ya tuna samarin nan masu sanduna, ya ƙi faɗin inda take.

Duk da haka baƙo baƙo ne. Ɗantani ya lura leɓunan mutumin sun bushe, ya tashi ya ɗebo ruwan randa a moɗa ya miƙa masa da hannu biyu. Mista Okampo ya shanye tas, ya sauke numfashi, gajiya ta sa ya manta da Turanci, ya ce, "Salamat."

"Amin," in ji Ɗantani, bakinsa ya riga tunaninsa.

Sai ya tsaya cak da moɗa a hannu. Shekara tara, bai taɓa jin kalmar nan a bakin kowa ba sai mutum ɗaya. Ya ce, "Malam, ce masa ya sake faɗa." Mutumin ya maimaita, yana mamaki. Ɗantani ya ajiye moɗa, ya laluba aljihu ya fito da makulli. Ya ce, "Rubuta a littafi. Ɗansoshiya. Mutum uku."

Sun isa rugar bayan la'asar. Suka tarar da Sista Talatu zaune a tabarma cikin zanen Dije da kallabi, tana duba wa wata tsohuwa ido. Mista Okampo ya yi mata magana da harshensu, ta miƙe, ta rufe baki da hannu, hawaye suka zubo. Buba ya matso kusa da Ɗantani ya ce, "Ai wannan ne ya zo jiya yana kiran wani suna kamar ana karya kara. Ita tana cikin bukka tana barci, na ce ba mu da mai wannan suna. Ƙarya na yi?"

"Ba ka yi ba. Ni ma yau na ji shi."

Mista Okampo ya ɗora fayil a kan motar, ya yi wa suna na sittin da uku alama, sannan ya ce Malam Datti ya fassara wa mutanen nan biyu maganarsa daidai. Ya ce gwamnatinsu ce ta ba matar nan fasfo ta fito neman abinci, don haka duk inda wuta ta tashi, wajibinta ne ta biyo sawun 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya. Amma daga Legas zuwa nan tafiya ce mai nisa, kuma a cikin kwanakin da gwamnati ke hanya, su biyun ne suka kula da ita. Ya kama hannun Buba, ya kama na Ɗantani, ya ce, "Salamat."

Ɗantani ya ce amin, sannan ya juya ya ce, "Sista, wai wace irin addu'a ce wannan da ba ku gajiya da ita?"

Ta share ido tana dariya. "Ba addu'a ba ce, Ɗantani. Na gode ke nan."

"Na gode? Shekara tara kina cewa kin gode ina ce miki amin, ba ki taɓa gyara mini ba?"

"Na ga amin ɗinka ya fi 'ba komai' daɗi."

Buba ya yi dariya har ya dafa sandarsa. Ya ce, "Mu ake ce wa mutanen daji, ga Kaɗo ɗan birni bai san an gode masa ba."

A ranar Mista Okampo ya tafi da ita Kaduna, inda ta yi magana da mahaifiyarta ta waya. Ofishin jakadancin ya ce in tana son komawa gida za a kai ta. Ta ce tana da mata goma sha ɗaya da suka kusa haihuwa. Littafin mota ya nuna Ɗantani ya je ya ɗauko ta ranar 30 ga Oktoba.

Sista Talatu ta gama kwantiraginta ta koma ƙasarsu a watan Maris na 1993. Ɗantani ne ya kai ta filin jirgi, a ƙofar da ya ɗauko ta. Ta ce salamat, ya ce amin, wannan karon da saninsa. Ya ci gaba da jan motar asibitin har ya yi ritaya a 1996, ya koma Doguwa yana noman masara. Wasiƙunta suna zuwa sau biyu a shekara, Malam Datti yana karanta masa. Ɗantani ya rasu a watan Yuli na 1999 bayan gajeruwar jinya, ya bar mata ɗaya da 'ya'ya shida. Ƙaramarsu, wadda aka haifa a 1992, sunanta Salamatu.