Labari Mai Ƙarshe Bakwai

Shekara goma sha tara Baba Direba yana jan bas ɗin wata makarantar firamare, tsohuwar mota mai tari kamar mai tuƙa ta. Da an tashi yara za su cika ta da ihu, shi kuwa maganinsu ɗaya ne a wurinsa: labari. Yana tuƙi yana ba su, ido ɗaya a titi, ɗaya a madubi.

Wuri bakwai yake tsayawa sauke yara, kuma ba ya son yaro ya shiga gida da rabin labari. Shi ya sa kowane labarinsa ƙarshe bakwai gare shi. Misali, 'yan bakin kasuwa za su sauka kunkurun cikin labarin ya tsinci takalminsa da ya ɓata. Mota na tashi sai a gano ashe ba nasa ba ne, a ci gaba da nema har gidan mai, har bayan asibiti, har layin ƙarshe inda wata 'yar aji ɗaya da ake kira Auta take sauka.

Ranar da likita ya ce idonsa ba zai kai shi baɗi a kan sitiyari ba, tsoro ya kama shi. Bas za ta sami wani direba, labaran fa? Ya zauna ya rubuta su kaf, ya nemi hutun kwana biyu don ya je taron marubuta littattafan yara.

"Da furfurarka za ka koma aji?" in ji matarsa, tana goge masa riga.

"Gemu ba ya hana ilimi," ya ce.

A zauren taron aka rataya masa kati a wuya. Ya zauna sahun gaba yana rubuta duk abin da aka faɗa, har da wanda bai gane ba. Kada a yi wa yaro wa'azi. Kada a wuce kalma ɗari biyar. A gwada labari a kan yara kafin a aika wa kamfani.

Rana ta biyu aka ba shi minti goma da wata edita. Mace ce mai kirki, ba ta raina shi ba, wannan ne ma ya fi ciwo.

"Baba, labarin nan ya ƙare tun shafi na biyu. Me ya sa ka sake tayar da shi?"

"Ranki ya daɗe, ai 'yan gidan mai ba su sauka ba."

Ya yi mata bayani, ta yi dariya har da share ido. Sannan ta rufe littafin. "Littafi ba ya tsayawa sauke fasinja, Baba. Ƙarshe ɗaya ake yi. Ka gyara ka turo, amma ban yi maka alkawari ba, irinsa sun cika mini tebur."

Mako uku yana yanka, yana kanne ido a kan takarda, har ya rage ƙarshe ɗaya tal. Ya sa a ambulan. Saura gwaji, sai ya bar shi zuwa ranar hutun zango, ranarsa ta ƙarshe a bas.

Ranar ya soma ba su gyararren labarin kunkurun. A bakin kasuwa wasu 'yan biyu suka tsaya a ƙofa, suka ƙi sauka.

"Baba, ya samu takalmin?"

"Sai a ƙarshe."

"To mu fa?"

Motocin baya suka dame shi da oda, yaran suka sauka suna waiwaye. A gidan mai mutum ɗaya ya tambaya. A bayan asibiti ba wanda ya tambaya, ana ta faɗa a kan fensir.

Bai fasa ba. A layin ƙarshe ya ɗaga murya ya faɗi ƙarshen, wanda ya fi kowanne shan gyara. Ya duba madubi, dishi-dishi kawai yake gani, sai ya juyo. Auta ta yi matashi da jakarta, ta daɗe da yin barci.

Uwarta ta leƙo ta ɗauke ta. "Sannu Baba, yau ba labari ne?"

"An yi," ya ce.

Da yamma ya miƙa makulli a ofis. Ambulan ɗin yana nan a aljihun gaban mota, tare da tsohon tsumman goge gilashi.