Gugan Tsamiya

A Karantina muka tashi, kudancin Jidda, cikin ɗakunan langa-langa da katakon akwati waɗanda rana take gasawa tun hantsi. Sai an yi magariba iskar teku take tunawa da mu. A lokacin ne kakata, wadda muke kira Iya, take fito da murhun gawayi tsakar gida, ta ɗora butar shayi, mu jikoki mu kewaye ta. Da ƙafa ta zo daga ƙasar Haɗeja, ta ratsa Sudan, ta haye teku cikin jirgin katako. Idan ta miƙe ƙafafu kusa da wuta nakan zuba wa tafinta ido, ina mamakin wai wannan fatar ce ta taka duk ƙasar nan.

Ƙanen mahaifiyata, Kawu Ɗanjidda, haifaffen nan ne, tsire yake gasawa a hanyar tashar jirgin ruwa. Larabawa siriya suke kiran tsire, kuma har sun fi mu son sa. Daga mahaifinsa ya gaji sana'ar tare da al'adarta: 'yan dakon tasha suna da tabarmarsu a gefen wuta, kuma tsinkayen da suka fara gasuwa nasu ne, kyauta.

Wata shekara, jirage sun fara sauke alhazai, Kawu ya shigo yana fifita da hularsa.

"Halas ya Ummi, shi ke nan, na gaji," in ji shi. "Gobe zan naɗe tabarmar nan. Ƙarti sun baje sun cika wuri, baƙo mai abin hannu ya zo ya rasa inda zai tsaya. Lokacin Hajji ne fa, sau ɗaya yake zuwa a shekara!"

Iya ba ta ko dube shi ba. Ta ce, "Zauna ka sha shayi, uban 'yan hanzari. Ku kuma yara, ga wata tatsuniya nan tafe da ƙurar hanya a ƙafarta."

Muka ce, "Ta iso mu ba ta wuri!"

Ta ce a can tsakiyar rairayi, a hanyar da maniyyata suke bi, an yi wani mutum mai rijiya. Babu wani ruwa gabas ko yamma sai nasa, don haka kowane ayari a wurinsa yake yada zango. Ya tara raƙuma, ya tara awaki. Amma kullum da safe, gugan farko da ya jawo ba ya sha, ba ya sayarwa. Sai ya ɗauka ya kai gindin wata tsamiya da ke gefe ya juye mata.

Da ya rasu, ɗansa ya gaje shi. Yaro ne mai kaifin kai. Ya dubi tsamiya ya ce, "Ke da ba kya biya, a kan me za ki riƙa shan gugan farko?" Ya daina. Shekara ta farko babu abin da ya faru. Ta biyu ganye ya fara zuba. Ta uku wata iska ta taso ta kwantar da ita.

A nan Iya ta shiga tura gawayi da tsinke. Mu duk mun san abin da zai biyo baya, don haka ƙanwata ta riga ta: "Sai rijiya ta ƙafe!"

"Wa ya gaya miki, sarkin sani?" in ji Iya. "Ko ɗigo bai ragu ba. Ruwa fal, mai sanyi, mai daɗi. Amma rairayi ba shi da alama. Kan tsamiyar nan madugai suke hangowa daga nesa su karkato da ayari. Da ta faɗi, sai suka riƙa wucewa can gefe, ƙishi na kashe musu dabbobi, shi kuma yana zaune bakin rijiyarsa yana jin ƙararrawar raƙuma tana nisa. Ya yi ihu har muryarsa ta dushe. A nan na baro shi, ban sani ba ko yana nan har yanzu."

Na saba da labarin da ruwa ke ƙafewa don fushin aljanu. Ban taɓa jin na rijiyar da ta cika ta rasa mai sha ba.

Kawu ya ajiye kofi. "Tatsuniya ta yara ce, ya Ummi."

"Ta yara ce mana. Amma gaya mini, alhajin da ya sauko daga jirgi, bai san gabas ba bai san yamma ba, wa yake ɗaukar masa kaya? Idan ya ce yana jin yunwa, wa yake tambaya?"

Da safe na ga ya fita da tabarma ta biyu a hammata. Ya shimfiɗa wa baƙi ita a ɗaya gefen, ya bar 'yan dako inda suke. Har ya bar duniya bai taɓa cewa Iya ce ta yi gaskiya ba.

Da na girma aikin jiragen ruwa ya kai ni biranen Bombai, Marsai da Libaful, na tsinci harsuna a hanya. Na lura kowace al'umma tana da sunan wasa da take yi wa sana'a mai yawan riba, amma ban ga masu yawansu kamar masu magana da Ingilishi ba. Sukan ce "cash cow", wato saniyar da ake tatsar kuɗi a jikinta. Sukan ce "gold mine", ramin zinariya. Wani ma yakan ce an ba shi izinin buga kuɗi. Sunaye ne masu armashi, kuma na yi dariya ranar da na fara jin su. Daga baya ne na ga duka suna kallon wuri ɗaya, wato bakin rijiya. Babu wanda ya ɗaga kai ya dubi abin da yake kawo mutane.

Wata rana a Libaful wani abokin aikina, Bature mai raha, ya nuna mini wani kantin shayi kusa da tasha, cike da matuƙan jirgi. Ya ce saniyar tatsa ce, shi zai saya, kuma abin da zai fara yi shi ne sallamar tsohuwar da take zuba shayi, don surutunta ya yi yawa. Na leƙa ta taga. Tsohuwar tana kiran kowane matuƙi da sunansa, tana tambayar ɗaya ko matarsa ta haihu.

Na ce masa, "Kafin ka saya, zo mu shiga mu zauna. Kakata ta bar mini wani labari, kuma ina ganin naka ne."